Ammu Rifa'i da Hannuna na Hagu

Kafin ka ga Ammu Rifa'i, wato Baffa Rifa'i mai kawo mana gas, sai ka ji shi. Sifana yake bugawa a jikin tukunyar gas tun daga bakin titi har ƙarshen lungunmu a Damanhur ta ƙasar Masar, kuma wallahi na yi shekaru ina tsanar ƙarar nan. Ni Tahani, wadda ake kira Ummu Rihab, maɗinkiya ce. Rigunan amare nake yi, irin waɗanda ake jera wa duwatsu ɗaya bayan ɗaya da allura, kuma ni bahaguwa ce. Sau nawa ƙarar sifanarsa ta firgita ni na soke yatsana, Allah kaɗai ya sani.

Ba ƙarar ce kaɗai ke ba ni haushi ba. Sauran masu gas in sun hau maka da tukunya, su ɗaura tiyo, su buɗe, su ƙyasta ashana su zagaya bakin. In wuta ba ta kama ba, shi ke nan, lafiya lau. Haka uwata ta yi, haka uwar mijina take yi, haka kowa yake yi. Shi kuwa Ammu Rifa'i in ya ga ashana a hannunki sai ya karɓe ta ya jefa a aljihu, kamar wanda ya kama yaro da wuƙa. Sai ya fito da wani tsohon gwangwanin halawa mai sabulu da soso a ciki, ya nemi ruwa, ya yi kumfa, ya shafe bakin tukunyar da ita. Ya durƙusa ya zuba ido. In kumfar ta yi ƙwai tana tashi, gas na tsiyaya ke nan, sai ya kwance ya canja 'yar robar ya sake. Kina tsaye, girki na jiranki, shi ko a jikinsa.

Da a nan zai tsaya ma da sauƙi. Sai ya lanƙwasa tiyon ya duba ko ya tsage. Ya juya miki mariƙin tukunyar miya ya kalli bango. Ya ce hannun rigarki ya yi faɗi da yawa ga mai tsayawa a gaban wuta. Ya ce a daina ajiye butar shayi a kan ƙaramin tebur in akwai mai rarrafe a gidan. Ni na raɗa masa Dokta Kumfa, sunan kuma ya bi shi har lunguna uku. Ya san ni ce, bai taɓa ce mini komai ba.

Mutum ne gajere, kakkaura, furfura ta cinye kansa. A kafaɗar hagu yake saɓa tukunya ya hau bene hawa biyar yana salati a kowace kwana. Hannunsa na dama kuwa, yatsu huɗun manne suke da juna, sun lanƙwashe ciki kamar ludayi, babban yatsa ne kaɗai ke motsi. Duk mun saba ganinsa har mun daina gani. Shekara goma sha huɗu yana shiga kicin ɗina, ban taɓa tambayarsa abin da ya same shi ba.

Mijina Midhat ya rasu ya bar ni da 'yan mata biyu a hawa na huɗu na gidan uwarsa, Hajja Awaɗif, wadda ke zaune a hawa na uku tana jin duk takun da na yi. Bai bar mana gona ba, bai bar shago ba. Abin da ke tsakaninmu da miƙa wa dangi hannu shi ne yatsuna biyar na hagu, kuma na san haka sarai. Ko albasa zan yanka, a hankali nake yi.

Shekara guda da rabi bayan rasuwar, azumi ya zo ƙarshe, aka ce bana a ɗakina matan gidan za su taru a yi kahak, cincin ɗinmu na Sallah da ake yi da fulawa da man shanu, tunda falona ya fi faɗi. Kicin ba zai ɗauke mu ba, don haka na sayo dogon tiyo a kasuwa, na jawo shi daga tukunyar gas har tsakiyar falo, na haɗa da ƙaramin murhu mai baki ɗaya a ƙasa. Kwana biyu kafin aikin Ammu Rifa'i ya kawo sabuwar tukunya. Yana ganin tiyon kwance a kan tabarma ya tsaya cak.

"Ummu Rihab, wannan macijin fa?"

"Na kahak ne, Ammu. Kwana ɗaya ne a naɗe shi."

"Mata nawa?"

"Shida."

"Ƙafa goma sha biyu ke nan, ga dogayen riguna, ga azumi a baki, ga hira. Ki narka man a kicin, a kan murhun da ke tsaye, ki bari ya ɗan huce sannan a fito da shi."

"In ya huce kahak ba ya yin laushi. Kai ka taɓa yin kahak?"

"Ban taɓa ba. Amma na sha hawa bene ranar kahak."

"To Dokta, mun ji. A rubuto mana takardar magani."

Bai yi dariya ba. Ya yi kumfarsa, ya tashi, ya sake kallon tiyon, ya ce Allah ya tsare, ya sauka. Ni kuma na rufe ƙofa ina cewa wannan tsoho akwai shisshigi.

Ranar ashirin da bakwai ga wata, bayan azahar, muka baje a ƙasa. Fulawa na cikin babban baho, man shanu na tafasa a kan ƙaramin murhun, don da zafinsa ake kwarara shi a kan garin. Hajja Awaɗif na kan kujera tana ba da umarni, ita ba ta taɓa komai amma babu abin da ke wuce idonta. Zafi ya ishe mu, sai maƙwabciyata ta hawa na biyar, Ummu Sabri, ta miƙe za ta buɗe taga. Tana tafiya tana waiwaye tana ƙarasa labarin wata da aka fasa aurenta. Ƙafarta ta sarƙe da tiyon. Murhun ya karkata, tukunyar man ta taho wajena, ni kuma ban yi tunani ba na kai hannu na tare. Bahago da hagu yake tare abu.

Da farko ban ji komai ba. Na ga man yana gangara daga yatsuna zuwa wuyan hannuna, sannan zafin ya iso, na ƙwalla ƙarar da aka ce har bakin titi an ji.

Kowa ya tashi da maganinsa. Hajja Awaɗif, wadda gwiwa ke hana ta sujada, sai ga ta a ƙasa ta cafki hannuna ta cusa shi cikin fulawa. Ummu Sabri ta ruga banɗaki ta dawo da man goge baki tana matsawa tana kuka. Wata tana fasa ƙwai, wata tana cewa tumatirin gwangwani ya fi, wata ta buɗe firji tana ɓamɓaro ƙanƙara. Duk don suna sona ne, ban taɓa shakkar haka ba. Amma cikinmu babu wadda ta lura wutar murhun ta mutu, gas kuma na ta fita.

Ammu Rifa'i na kan matakala a lokacin, da tukunyar Ummu Sabri a kafaɗa. Bai yi sallama ba. Ya dire tukunyar, ya ratsa ta cikin mata shida babu mayafi, ya shiga kicin ya rufe gas, ya bankaɗe taga. Sannan ya juyo kaina.

"Fito da hannun nan daga cikin gari."

"Kai, wa ya ce ka shigo?" in ji Hajja Awaɗif. "Ba ka ga mata ba ne?"

"Na gan su, Hajja. Ummu Sabri, ajiye wannan abin, na baki ne. Ke kuma mayar da ƙanƙarar, ita ma cin fata take yi. Ruwa nake so."

Famfonmu na sama ba ya kawo ruwa da rana, injin turo ruwan ya lalace tun farkon azumi. Jarka ɗaya ce a kicin. Ya ɗauko ta ya riƙa tsiyaya mini a hankali har garin ya wanke, fatar ta bayyana jajur, wani wurin fari. Jarkar ta ƙare. Ya duba ni ya ce, "Tashi, ƙasa za mu."

"Ƙasa ina?" Hajja ta tare ƙofa. "A haka? Matar ɗana, da rigar gida, a gaban maza? Wallahi ba ta fita!"

"Hajja, matsa."

Ban taɓa jin wani ya ce wa Hajja Awaɗif ta matsa ba, ko marigayi mijinta. Mamaki ne ya matsar da ita, ba biyayya ba. Ya riƙe ni ta gwiwar hannu da wannan hannun nasa mai kama da ludayi, ya ɗaga nawa sama, muka sauka hawa huɗu. Ummu Sabri ta biyo mu tana yafa mini mayafi yana zamewa.

Famfon da ruwansa ba ya yankewa a lungunmu shi ne na ƙofar shagon Usta Girgis mai aski. Saura kwana uku Sallah, layin masu aski har waje. A gabansu duka Ammu Rifa'i ya zaunar da ni a kan akwatin lemo, ya buɗe famfon daidai wa daida, ya sa hannuna a ƙarƙashi. Ya leƙa agogon bangon shagon ya ce, "Uku saura kwata. Ba ki tashi sai uku da biyar."

Kunya ta fi ƙunar zafi a mintunan farko. Ga ni da gari har gira, ga maza sun yi tsit. Usta Girgis, Allah ya saka masa, ya fito da almakashi a hannu ya ce musu, "Wanda ke son kai mai kyau ranar idi ya kalli madubi." Duk suka juya.

Sai Ammu Rifa'i ya ga zoben. Zoben aurena ne, tun daren biki da Midhat ya mayar da shi daga hannun dama zuwa na hagu, yadda al'adarmu take, bai fita ba, ko ranar da aka wanke gawarsa. Yatsan ya riga ya fara kumbura a gefensa.

"Wannan zai fita yanzu."

"A'a, Ammu. Ban da wannan."

Hajja ta riga ta sauko, tana haki a bayanmu. "Zoben ɗana ne! Kai wane ne da za ka cire wa matarsa zobe a titi?"

Ya ɗago ya dube ta, muryarsa ƙasa ƙasa. "Allah ya jiƙan Midhat, Hajja, ni na sha shayi da shi. Ya sa mata zoben nan don yatsan ya yi kyau, ba don ya cinye shi ba. Nan da rabin awa ko maƙeri ba zai fitar da shi salin alin ba." Ya juyo gare ni. "Da wane hannu kike ciyar da Rihab da ƙanwarta?"

Na miƙa masa yatsan. Ya ciro gwangwaninsa, ya shafa sabulu a jikin zoben kawai, ya riƙa murza shi a hankali a ƙarƙashin ruwan. Na ciji mayafina. Da ya fita, bai ba ni ba. Ya ɗauraye shi ya miƙa wa Hajja Awaɗif da hannu biyu, ita kuma ta damƙe shi ta juya ta hau sama.

Bayan minti bakwai ko takwas raɗaɗin ya lafa, na ce ya isa, zan tashi.

"Bai isa ba. Sama ce ta huce, ciki na nan yana dahuwa. Kin san nama in an sauke shi daga wuta ba nan take yake daina nuna ba. Zauna in ba ki labari, tunda kin ce ni mai surutu ne."

Ya ɗaga hannunsa na dama ya ajiye a kan gwiwa inda zan gan shi sosai. Ya ce yana ɗan shekara huɗu a ƙauyensu, da sanyin safiya, kakarsa ta sauke tukunyar madara daga murhu ta ajiye a ƙasa ta juya ɗauko kofi. Shi kuma ya taho da gudu ya yi tuntuɓe, hannun ya nutse a ciki. Kakar ta shafe shi da garin gahawa da toka, ta yage gefen mayafinta ta ɗaure yatsun tamau wuri ɗaya don kada iska ta shiga. Mako biyu ba a kwance ba. Da aka kwance, sun zama abu guda.

"Kada ki ce muguwa ce," ya ce. "Duk duniya babu wanda ya so ni kamarta. Abin da ta gani a wajen uwarta ta yi. Har ta mutu in ta kalli hannun nan sai ta kau da kai."

Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka, shi ne ɗa namiji tilo. Ranar da uban ya sa masa almakashi a hannu ya ga ba za su zauna ba, ya karɓe ya mayar cikin jaka, bai sake tayar da zancen ba. Soja suka ƙi shi, masaƙa ta ƙi shi. Ya yi dako a tashar jirgin ƙasa, ya tura kurar kankana, daga ƙarshe ya samu tukwanen gas, aikin da kafaɗa yake so ba yatsu ba. Da shi ya yi aure, da shi ya yi 'ya'ya huɗu.

"To wa ya koya maka zancen ruwan?" na tambaye shi, don in manta da hannuna.

Ya ce wata rana, yana da shekara arba'in, ya kai wani mai tuya asibiti, mai ya watso masa a ƙirji, 'yan'uwa sun lafta masa man goge baki. Wata tsohuwar nas tana kankare man, mutumin na ihu, ita kuma tana zazzaga musu masifa. Shi sai ya ce mata, to Hajja, in ba wannan ba, me za a sa? Ta ce ba a sa komai. Ruwan famfo, minti ashirin, a cire zobe da agogo, a rufe da abu mai tsabta, a kawo mana.

"Na ce mata shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na fito na zauna a bakin titi, Ummu Rihab, na kasa tashi. Famfon tuƙa-tuƙa na nan a tsakar gidanmu, taku biyar daga inda na faɗi. Taku biyar."

Ruwan na ta zuba a kan yatsuna, ni kuma hawaye na zuba, kuma ba na zafin ƙuna ba ne. Na tuna sau nawa na kira shi Dokta Kumfa daga baranda mata na dariya. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Uku da biyar ya rufe famfon. Ya aika Ummu Sabri kantin kusa ta sayo ledar nan mai laushi ta naɗe abinci, ya shimfiɗa mini ita sako-sako, bai ɗaure ba. Ya ce kada in bari kowa ya fasa inda ya ɗuri ruwa. Ya tsayar da tuktuk, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya sa mu ciki ni da ita, ya leƙo ya ce, "Ki ce musu kowane yatsa a naɗe shi daban. Ko sun sani, ki faɗa." Sannan ya koma ya hau hawa huɗu ya ɗauki tukunyar da ya yar, ya ƙarasa da ita hawa na biyar.

Likitar da ta duba ni yarinya ce, ba ta fi ƙanwata ba. Ta tambayi wanda ya cire zoben, na ce mai gas ɗinmu. Ta ɗago ta dube ni, ta ce to ki gode masa. Amma ba ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce bayan hannun zai warke, yatsan tsakiya da mai bi masa ne ƙunarsu ta yi zurfi, sai abin da Allah ya yi da kuma yadda na dage da motsa su.

Na yi Sallah da hannu a naɗe. Ban tsira da ƙunar kaɗai ba, ga bakin mutane. Hajja Awaɗif ta rantse Ammu Rifa'i ba zai sake taka matakalarta ba, ta ce ya tozarta gidan ɗanta a gaban 'yan aski. Matan gidan, waɗanda a ɗakunanta suke haya, suka koma saye wajen wani mai babur da ke gwadawa da ashana yana fito. Ammu Rifa'i in ya zo daidai ƙofarmu sai ya daina buga sifana, ya wuce kansa a ƙasa. Mako uku na jure. Ran nan na fita baranda na buɗe murya yadda hawa na uku zai ji da kyau.

"Ammu Rifa'i! Hau mini da tukunya ɗaya. Ka taho da sabulunka!"

Na ji an buga taga a ƙasana. Ya hau. Hajja ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata. Har yau ba ta yi masa magana, amma na lura in gas ɗinta ya ƙare, sai ta turo tukunyar ƙofata ta ce wai ita ba ta iya jiran mai babur.

Fatar ta warke, ta bar tabo mai sheƙi. Yatsun ne suka ƙi. Biyun nan suka sandare, in na ce su lanƙwasa sai su tsaya rabin hanya suna rawa. Na matsa ƙwallon roba har na gaji, na tsinci wake daga faranti ɗaya zuwa wani. Ranar da na gwada ɗaukar allura ta faɗi sau huɗu, na mayar da ita cikin gwangwani na rufe. Amaren da suka yi mini magana kafin azumi suka kai ɗinkinsu wani wuri, ban ga laifinsu ba. Na koma yin kalmasa da keke da hannun dama, aikin da ko burodi ba ya saya sosai. Da safe in kalli 'ya'yana suna shirin makaranta, in shiga lissafin abin da ya rage mana. Na fara tunanin yadda zan buɗe baki in roƙi yayana.

Wata uku bayan Sallah aka ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Ammu Rifa'i ne, babu tukunya, sanye da jallabiya wankakkiya. A bayansa wata doguwar yarinya mai kunya rungume da ƙunshin farin yadi.

"Autata ce, Shuruk. An sa rana. Ke za ki yi mata riga, irin mai duwatsun nan."

Na ɓoye hannuna a bayana. "Ammu, ka fi kowa sanin halin da nake ciki. Ka kai ta shagunan haya na bakin kasuwa, akwai masu kyau."

"Na ga na haya. Ita taki take so."

"Zan ɓata muku yadi."

"In kin ɓata, kin ɓata. Biki sai nan da wata huɗu."

"Kai dai ba ka jin magana."

"Daga wajenki na koya," ya ce. Karon farko ke nan da na ga haƙoransa.

Ya bar mini yarinyar da yadin ya sauka. Na san nawa irin wannan yadin yake, na kuma san hawa nawa mutum zai yi da tukunya a kafaɗa kafin ya saye shi. Ya ɗauki rigar auren autarsa ya ɗora a kan yatsu biyu da ko allura ba sa riƙewa. Na yi fushi da shi ranar, fushi sosai, don ya toshe mini hanyar gudu.

Makon farko dutse goma sha ɗaya na ɗinka, shida a karkace, na warware. Allura ta faɗi, in durƙusa in laluba, in zage ta, in zagi tiyo, in zagi kaina. Yatsun su yi tsami har in kasa riƙe kofin shayi. In ya kawo gas ba ya tambayar riga. Ya yi kumfarsa, ya ce mariƙin tukunyata na kallon waje, ya tafi. A wata na biyu na gama wuya. A na uku, wata rana da la'asar, ina cikin jera duwatsun hannun riga ina sauraren rediyo, sai na farga na yi layi guda cur ban tuna da yatsuna ba. Na ajiye allurar na kifa kaina a kan yadin na yi kuka, sannan na tsorata kada hawaye ya ɓata shi.

Saura kwana tara biki suka zo gwaji. Shuruk ta shiga ɗaki da 'ya'yana, ta fito. Ba don ni na ɗinka ba, rigar ta yi kyau. Ummu Sabri ta rangaɗa guɗa, har Hajja Awaɗif ta hau bene da gwiwarta ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa ƙasan ya ɗan yi tsawo.

"Baba, ka gani?" in ji Shuruk tana juyawa. "Baba!"

Shi ba rigar yake kallo ba. Yana tsaye a gefen ƙofa da hularsa a hannu, idonsa a kaina.

"Ummu Rihab, ɗaga in gani."

Na ɗaga hannun.

"Motsa su. Ɗaya ɗaya."

Na lanƙwasa babban, na lanƙwasa manuni. Na tsakiya ya tafi har ya taɓa tafin hannuna, mai bi masa ya bi shi, sannan ƙaramin. Ina ganin leɓɓansa suna ƙirgawa. Da ya kai biyar ya ce Alhamdu lillahi. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗun nan da suka hau da gas ɗin lungunmu shekara talatin suna girgiza, amarya na tsaye a tsakiyar falo tana jira ubanta ya dube ta.